Malam Garba Mai-allura da Ƙafar Gaban Babur ɗinsa

Ina zaune a ƙofar gareji bayan sallar la'asar, sai ga Sani, babban ɗan Malam Garba, ya durƙusa gabana. Ya ce, "Baba Ɗanjumma, abokinka ya cika da hantsi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san Malam Garba a shekarun da aka sami 'yancin kai. Ni ina gyaran babur da keke a Bagudo, shi kuma malamin dabbobi ne, yana bin rugage yana yi wa shanu allurar bushiya, cutar da ke share garke cikin 'yan kwanaki. Maganin cikin kwalabe yake zuwa. Bayan babur ɗinsa kayan aiki ne da tabarma, saboda haka a gaba yake ɗaure akwatin kwalaben.

Wata rana ya dawo daga wajen Illo ransa a ɓace. Gargadar hanya ta farfasa masa rabin kwalaben, kuma Arɗo Buba ya tara shanun mutanensa suna jira, har da na Fulanin da suka ƙetaro daga Dahome. Ya danna kan babur ɗin, ƙafar gaban ta nutse ta yi ta tsalle kamar fara. Ya ce, "Ɗanjumma, na yi ma Arɗo alkawali. Mi za mu yi ma wagga ƙafa?"

Na buɗe ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, mai shanye gargada, na tarar man ciki ya tsiyaye saura kaɗan. Na gaya masa zaɓi biyu ne: ko mu sa sifirin mai tauri, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan na ciki mai lotsawa ya taso, ko mu zuba mai mai kauri. Ni na fi karkata ga sifirin, akwai irinsa wajen wani ɗan kasuwa a Dole Kaina. Bai yi mini gardama ba. Sai dai ya ce a gwada tukuna, ba da maganin mutane ba. Ya cika akwatin da ƙwan kaza, ya ce na zabo ya cika tauri, zai rufa wa gyara asiri.

Da sabon sifirin babur ɗin ya dinga harbi kamar jaki. Kafin ya kai garin Kende wajen gwaji, ƙwan ya zama miya. Muka mai da tsohon sifirin, muka zuba baƙin mai mai kauri. Tsallen ya tsaya, amma in ramuka suka jeru ƙafar takan nutse ta ƙi tasowa. Ƙwai suka sake fashewa. Na ce, "Malam, ko mu haƙura sai an gyara hanya?" Ya ce, "Bushiya ba ta jiran mai gyaran hanya. Sake kwancewa."

Haka muka yi ta yi. Daga baya na yanki guntun bututu na ɗora bisa tsohon sifirin don ya ɗan ƙara ƙarfi saboda nauyin akwatin, muka sauya robar da ke yoyo, muka dinga sirka mai mai kauri da marar kauri, yana hawa yana dawowa yana cewa a ƙara ko a rage. Ranar da ya dawo daga Kende ƙwai lafiya lau, bai ko zauna ba. Ya loda kwalabe ya nufi Illo. Ya tarar wasu shanun sun riga sun faɗi, sauran kuwa ya yi musu allura duka. Shanun nan da suka mutu sun daɗe suna damunsa.

Halinsa ke nan a komai. Yakan ce, "Tauri dabam, ƙarfi dabam." Da wannan ya reni 'ya'yansa, bai matsa musu ba, bai kuma sake su ba. Ko da ya bar aiki, in makiyayi ya zo da kuka, sai ya nemi wanda zai goya shi a kai shi ruga.

Ƙarfina ya ragu, amma na ɗauki niyya: muddin ina numfashi, iyalinsa ba za su nemi uba su rasa ba.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa. Allah ya ba matarsa Hajiya Hauwa da Sani da ƙannensa haƙuri da juriya, ya haɗa kansu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.