Butar Kawu Bawa

Kawu Bawa, ƙanen innata, shi ne mai auna ruwan sama a ƙauyenmu da ke kan hanyar Tsauni. Ma'aikatan gona na Matameye suka kafa masa ƙarfe a ƙofar gida, da wata kwalba mai zane-zane a bisa. In an yi ruwa ya duba, ya hau keke ya kai labari biro, wato ofishinsu, da yamma rediyo ya faɗa. 'Yan ci-raninmu da ke Kano da Kaduna kuwa kunnensu na kan rediyon nan. Da sun ji ruwan shuka ya sauka, sai gida.

Abin dariya, mutumin bai yarda da aikin ba ko kaɗan. An ba shi ne don ya ɗan taɓa lakwal, wato boko, shi kuma keken da aka haɗa masa da shi ya gani. Shugabansa Muntaka, da ake ce wa Mushe, wato malam a bakin 'yan lakwal, kullum cikin bayani yake, wai damina raguwa take shekara bayan shekara, wai a rage saran itace. Kawu yakan kaɗa kai.

"Haba Mushe, kakana ya ga fari, ya kuma ga ƙoshi. Sama ba ta tsufa. Ku dai so kuke ku hana matanmu itacen tuwo."

A daminar 1984, zamanin soja, aka yi wani yayyafi da ko ƙasa bai jiƙa ba. Kawu ya dubi gabas ya ga hadari, ya rantse babban yana tafe. Ga gonaki babu maza. Sai ya ɗauki butar alwalarsa ya ƙara wa kwalbar, har milimita ashirin da biyar. Sau uku yana haka.

Maza suka baro aikinsu suka dawo, suka zuba iri. Ya tsiro, ya ƙone. Da kaka motocin hatsin agaji suka wuce mu suka yi Kurni, don a takarda mu masu ruwa ne.

Babu wanda ya san abin da ya yi. Da ya ja bakinsa, da shi ke nan. Amma kwana uku yana kallon yayarsa, innata, tana dafa mana tafasa babu ko gari. Rana ta huɗu ya rataya butar a keke, ya je Matameye, ya ajiye ta gaban sufurefe, shugaban gunduma mai kakin soja, ya faɗi kome. Suka tsare shi mako biyu, suka karɓe keken, suka tumɓuke ƙarfen. Ya dawo a ƙasa, ya tarar mota ta kawo mana dawa.

Na yi shekaru ina fushi da shi, yanzu kuwa wallahi kewarsa nake. Har ya rasu bai yarda sama ta canja ba, kowace bazara sai ya ce bana za ta dawo. Sai dai tun daga lokacin, in aka yi ruwa aka tambaye shi ko ya isa shuka, sai ya sunkuyar da kai.

"Ku tona ƙasa ku gani," yake cewa. "Ni kar ku tambaye ni."