Katin 'Yar Fari

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, mu uku a tsohuwar fijon ofis: ni, da direba, da wani abokin aikina na sashen kuɗi wanda tun ba mu fita gari ba ya soma gyangyaɗi. Ni ma'aikaciyar ɗakin kati ce. Tun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato aka ɗora mini yawon koya wa malaman kati na ƙananan asibitoci yadda ake rubuta lambar cuta da kuɗin da ke tafiya da ita. Wannan karon darasin kunne da hanci da maƙogwaro ne, a Kalgo da Gwandu. Ba zan ɓoye muku ba, ban so tafiyar nan ba. Damina ta cinye hanya, mai kuma sai a galan wurin 'yan bumburutu, a farashin da suka ga dama.

Kalgo ba nisa. Muka bi ta tsakanin fadamu, ruwa ya kwanta dama da hagu, shinkafa ta yi kore shar. Malaman katin yankin sun riga mu isa, suna jere a benci kamar masu zaman makoki. Na ɗauki alli na fara: haɓo da lambarsa, hangum da tasa, ƙayar kifi da ta maƙale a wuya ita ma da tata. Wani dattijo a cikinsu ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, mu nan duk abin da yah haura wuya, ciwon kai muka rubutawa." Kowa ya yi dariya ban da ni.

Abu ɗaya na fi nanatawa har muryata ta dishe. Sabon ciwon kunne lambarsa daban, ana biyan kuɗin sabon kati, a ba da maganin ɗigawa, a sallami mutum. Kunnen da ke zubar da ruwa yana tafiya yana dawowa kuwa wata lambar gare shi. Mai ita ba ya sake biyan kuɗin kati, kuma ita ce ke sa a ba shi takardar ganin likitan kunne a Sakkwato. In aka rubuta ta farko a inda ta biyu ta dace, mutum zai yi ta ɗiga magani har kunnen ya mutu. Suka ce sun gane. Allah ya sa.

Muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi wurin wata mata a bakin tasha. Malmalar ta ragu, kuɗin ya ƙaru, haka komai ya koma a ƙasar nan. Abokin aikina ya yi ta mitar tsada, amma hakan bai hana shi neman ƙari ba.

Hanyar Gwandu ce ta gasa mana aya a hannu. Ramuka cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. A wani kwari motar ta kafe, sai da wasu manoma suka ajiye fartanyoyinsu suka tura mu, suka ƙi karɓar ko sisi. Mun shiga gari bayan la'asar, taɓo har gwiwar direba. Na sauka a gidan wata nas, ta dama mini fura da nono mai kauri irin wanda ba ma samu a birni. Wannan furar kaɗai ce abin daɗin da zan iya ba ku labari.

Washegari muka nufi wani ɗan asibitin sha-ka-tafi da ke bayan gari. Ranar kasuwa ce, layi har waje. Na ce ba allo yau, zan zauna kusa da malamin kati in ga yadda yake aiki. Mutum ne mai haƙuri da ladabi. Ya gaya mini ƙananan katunan da ake ba marar lafiya ya tafi da su gida sun ƙare tun bara, don haka da suna ake laluben katin kowa.

Can sai ga wata Bafulatana daga rugagen wajen Maruda, ta sauke ƙwaryar nono a bakin ƙofa. Tana tare da yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, an cusa mata auduga a kunnuwa. Tun kafin su ƙaraso warin ya iso.

Malamin kati ya ce, "Mi as sunanta?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Ɗiyar gidanmu ta."

Ya yi murmushi ya dube ni. "Ɗiyar fari ta, Malama. Ba ta faɗi." Ya jawo sabon kati ya rubuta 'Yar Fulani a gurbin suna. Ya tambaye ta tun yaushe, ta ce kwanan nan ne, ba wani abu ba ne. Alƙalaminsa ya nufi lambar sabon ciwo, ita kuma ta fara kwance bakin zane za ta biya.

Na dafe katin. Ni ma 'yar fari ce, na san wannan kunyar ciki da waje. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko da cikinta na ci da wuta. Na ja matar gefe na ce, "'Yar'uwa, tsakaninki da Allah, tun yaushe?"

Ta daɗe tana kallon ƙasa. "Tun yaye."

"Kin taɓa kawo ta nan?"

"Kowace damina. Da ɗari ma."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara da shekaru matar nan na sayar da nono tana sayen sabon kati, kowane zuwa da sunan da aka ga damar rubutawa, kowane zuwa sabon ciwo. Malamin bai cuce ta da gangan ba, kara ya yi mata. Ita ma ba sakaci ta yi ba, ga ta nan ta taka tun daga ruga. Kowa ya yi abin da aka koya masa a gida, yarinya ce ta kwana a ciki.

Na ce za a rubuta takardar Sakkwato yanzu, in tafi da takardar Birnin Kebbi a buga mata hatimi, amma ba a karɓarta sai da sunan yanka. Ta ce mijinta ya tafi da shanu, a bari wata kasuwar ta zo da ƙanwarsa ta faɗa. Na ce wata kasuwar ba na nan. Na durƙusa na tambayi yarinyar da kanta, ta zuba mini ido kawai, na ɗauka ƙyuya ce. Daga nan ta zame ta tafi bakin ƙofa, ta ba mu baya tana kallon motarmu.

Haƙurina ya ƙare. Na ce wa uwar, "Ko sunan, ko kunnen. Zaɓi ɗaya." Na san na yi mata tsauri.

Ta dubi layin mutane, duk 'yan kasuwar da suka san ta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ni ta gaya wa ba. Juyawa ta yi wajen ƙofa, ta kira a hankali.

"Hassatu."

Yarinyar ba ta motsa ba.

Ta saki mayafin ta ɗaga murya. "Hassatu!"

Duk wanda ke ɗakin ya waiwayo, har da masu tsayuwa a waje. Yarinyar na nan tana kallon mota.

Malamin asibiti ya zo ya tafa hannu a bayan kunnenta na hagu, shiru. A na dama ta ɗan karkata kai. Ya ce wannan ɗin ne ya rage, shi ma saura kaɗan. Uwar ba ta yi kuka ba. Ta je ta kama hannun ɗiyarta a gaban kowa, ta riƙe gam. Malamin kati ya rubuta sunan. Lamba biyu na sa ya rubuta: ta kunnen da ke zuba, da ta kurumta.

A hanyar dawowa ko mai gyangyaɗin bai runtsa ba. Takardar na cikin jakata a lokacin; yanzu an buga mata hatimi, na aika musu da ita. Ko za su sami kuɗin motar Sakkwato, ko likita zai ceci abin da ya saura, ban sani ba. Abin da na koyo shi ne lambobina ba sa aiki sai an san yadda za a tambayi mutanenmu. Daga yau duk inda na je koyarwa, kafin lamba zan ce: in uwa ta yi shiru a kan suna, kada a jawo sabon kati. A nemo wata mace ta raɗa mata, a kuma tambaya ko ta taɓa zuwa.

Mun shigo Birnin Kebbi ana kiran magariba. Ban wuce ɗakina ba, na biya ta sashen mahaifiyata. Tana can ƙuryar ɗaki a kan tabarma, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ƙasa-ƙasa ta ce, "Ke, kin dawo?"

Daga tsakar gida na ji ta sarai. Sunana ne dai ba ta taɓa kira ba. Na cire takalmi na shiga wurinta.