Gawon Yaya Mamman

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Mamman, Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai bana, kuma abin da ya sa na rubuta ba mai daɗi ba ne.

Yaya Mamman yana da lambu a bayan garin Daura, ta hanyar Zango. Ba babba ba ne, amma duk wanda ya shiga sai ya tsaya. Ba ya shuka abu kusa da irinsa. Inda ya sa ayaba mai faɗin ganye, sai ya kafa lalle mai ƙananan ganye a gefenta. Jan zoɓo yana jingine da farin bango. Ƙarƙashin mangwaro, inda inuwa ta yi duhu, yakan zuba farin yashi ya share shi tas, ba ya barin ko ciyawa ɗaya. Na taɓa ce masa wurin ya yi fayau, ya cike shi mana. Ya ce, "Ke Hadiza, in ko'ina ganye ne, da me ido zai gane ganyen?"

A tsakiyar lambun akwai wani tsohon gawo da ya tarar a filin. Kowa ya san halin gawo. Da damina, lokacin da duniya ta yi shar, shi zubar da ganyensa yake yi ya tsaya fari fat. Da rani kuwa, komai ya bushe, shi kaɗai ne kore. Yaya ya jera darbejiya a bayansa don farinsa ya fito. A nan yake shimfiɗa tabarma bayan la'asar, yana kallon itacen nan kamar mai sauraron magana.

Ɗansa Nasiru ne ya gaji wurin. Bara ya mayar da shi wajen biki da ɗaukar hoto. Ban hana shi neman halalinsa ba, yana da iyali. Amma an tuge ayaba, an tuge lalle. An shimfiɗe yashin da ciyawar roba. An jera wasu siraran itatuwa iri ɗaya, tsawo ɗaya, kamar ɗalibai a layi. Duk inda ka juya kore ne, kore ɗaya, wanda ba ya yaushi kuma ba ya ƙamshi. Da rana robar tana ɗaukar zafi har ta cikin takalmi.

Gawon ne kaɗai ya rage. Da ruwa ya sauka bana, aka gaya mini Nasiru ya kira masu sara. Na hau babur na je.

"Nasiru, ka san itacen nan bai mutu ba."

"Na sani, Gwaggo. Amma a hoto kamar matacce yake fitowa. Amare ƙorafi suke yi."

"Mahaifinka saboda shi ya sayi filin nan."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To shi ke nan, Gwaggo. Na yi miki alkawari ba za a sare shi ba."

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Daura ta yau, inda duk sabon gida da ka leƙa tsakarsa siminti ce da furen roba. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai duba sau ɗaya ya nemi hanyar fita.

Makon jiya na koma. Nasiru ya cika alkawari, gawon yana nan tsaye. Sai dai an sa yara sun hau shi sun ɗaure masa ganyen roba da waya, reshe bayan reshe, har ya zama kalar sauran. Nasiru ya tarye ni da fara'a, ya ce, "Gwaggo, kin ga mun raya shi."

Na yi masa godiya, domin da zuciya ɗaya ya yi. Abin da Yaya ya bari shi ne itace mai rai da wani ido da ya koya mini, wanda yanzu ba ya kawo mini komai sai takaici. Har ƙofa Nasiru ya rako ni yana roƙon in tsaya a ɗauke mu hoto a gindinsa. Na ce masa sai rani, in ganyen gaskiya ya sami hanyar fitowa.