Ƙafafun Ɗalha na Getso

Duk Getso an san ƙafafun Ɗalha, fuskarsa ce ake mantawa. Masaƙar da yake wa aiki a Kano ta sallame shi a shekarun tsuke bakin aljihu, ya dawo gida da rediyo da tari, ya kama noman gero a gonar da ko akuya ba za ta ƙoshi da ita ba. Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya sake samun aiki, in har wannan aiki ne.

Wani malamin jami'a, Taufiq, ya zo neman sauro masu rai. Wai sauro na yawo da ƙwayar cutar shawara amma bai taɓa kwanciya jinya ba, domin a hanjinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke kokawa da ita, wani sa'in har su kayar da ita. Na ce ashe sauro ya fi mu gata, mu da ake rubuta wa magani a ce mu je kyamis.

Ya ɗauki Ɗalha aikin kamun sauron, aka yi masa allurar rigakafi. Kullum bayan la'asar sai ya zauna bakin kududdufi ya naɗe wando, sauro ya sauka a ƙafarsa, shi kuma ya zuƙe sauron da siririn tiyo ya hura cikin kofi mai murfin raga. 'Yan hisba sun taɓa zuwa, suka ga gwiwa a rufe take, suka koma suna susa.

Allurar ta shawara ce kawai, zazzaɓin cizon sauro bai san da zamanta ba. Daminar nan Ɗalha ya fi daɗewa a tabarma fiye da tsaye. Matarsa Uwaliya ba ta ce ya bari ba, ta san abin da ke ɗora tukunya. Sai ta riƙa turara wandonsa da ganyen darbejiya da ɓawon lemo, yadda muke turara ɗaki, tana shafe masa ƙafa da man kaɗe mai tazargade, wai maganin kaushi.

Sauro suka ƙaurace masa, kofi ya riƙa komawa wayam. Taufiq ya yi haƙuri, ya yi faɗa, daga ƙarshe ya ce barci Ɗalha ke yi a bakin ruwan, ya ɗauki wani a ƙauyen Durun.

Na sami Ɗalha a ƙofar gida, na ce masaƙa ta sallame shi, yanzu ga sauro ma sun sallame shi. Na tambaye shi ko hancinsa ya mutu, da bai ji wandon da duk unguwa ke jin hayaƙinsa ba.

"Ina ji, Gwaggo," in ji shi. "Tun ranar farko."

"To me ya hana ka gaya wa malamin?"

Ya daɗe yana kallon tabon cizon da ke ƙaurinsa.

"In ce masa me? Matata ba ta so in mutu?"

Ya koma gonar. Tuwo ya zama sau ɗaya a yini a gidan. Uwaliya ba ta daina turara wandon ba, shi kuma bai daina sakawa ba, kuma har yau babu wanda ya tada maganar a cikinsu.