Likitan Haƙoran Dutse Ya Huta

Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, uwargidanka ta kira ni a waya ta ce, "Ƙanena, yayanka ya huta." Na yi salati, na nemi benci a ƙofar shagona na zauna. Na zaci kuka ne zai fara zuwa, sai ga wata doguwar ajiyar zuciya. Duk wanda ya ga yadda ciwon ƙashi ya yi da kai a wannan shekarar ba zai zarge ni ba. Kukan ya zo daga baya, a kan hanya.

Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba, Yaya. Igiyar hawan dutse ce ta haɗa mu, ni mai gyaran keke, kai likitan haƙori, kuma ta riƙe mu fiye da shekara ashirin.

Saboda wanda bai taɓa hawa ba: akwai wani ƙarfe da muke cusawa a tsagar dutse mu maƙala masa igiya, don in mutum ya zame ya tare shi. Kunnuwa huɗu gare shi masu haƙora. Ka ja kunamarsa da yatsu biyu su tsuke, ka saki su buɗe su ciji dutse. Kam ake ce masa. Kai kuma kullum sai ka ce wanda ya raɗa masa suna Bahaushe ne, don in ya riƙe, kam yake riƙewa. Aibinsa ɗaya. Idan an tura shi tsagar da ta yi masa kaɗan, ko motsin igiya ya sa ya yi ta rarrafe zuwa ciki, sai ya ce ba inda za shi. Mai shi ya ja, ya fizga, ya fasa yatsu, ya sauko yana huci.

A nan ne ake nemanka. Ba ka taɓa fara kai hannu ba. Sai ka kara ido a tsagar, ka hure yashi, ka daɗe kana kallo kamar mai karanta wani abu, sannan ka zaro siraran ƙugiyoyinka biyu. "Ta inda ya shiga, ta nan zai fita," in ji ka. "Halinsa ɗaya da haƙori, ka ja da fushi ka karya saiwa." Irin ƙarafan nan da ka tsinto an bari a duwatsu kuwa ba ka taɓa sa su a ƙugunka ba. Wanke su kake yi, ka ɗiga musu mai, ka rataye a bangon ɗakin jira na asibitinka har mai su ya zo ya gane launin salatif ɗin da ya naɗa musu don shaida. Wata tsohuwa da kumatu a kumbure ta taɓa ɗaga kai ta gan su, ta tambaya ko da waɗannan za a cire mata. Ka ce mata, "A'a Inna, waɗannan na masu gardama ne."

Ranar da ba na mantawa, muna tsakiyar wata doguwar fuskar dutse, tsaye a kan ɗan tudun da bai kai faɗin tabarma ba. Babban kam ɗinmu, shi kaɗai ne daidai da faffaɗar tsagar da ke sama, ga shi ya maƙale a ƙasa da mu. Hadari ya haɗo, iska ta fara sanyi. Na ce, "Yaya, bar shi mu wuce." Ka ce, "Tsagar can ba ta cin ƙanana. In mun bar shi, da me za ka hau?" Na sassauta maka igiya ka sauka. Ba na ganinka, sai ƙas-ƙas na ƙugiya kawai nake ji, ga tsawa tana matsowa. Daga baya ka gaya mini ruwan shanka ka tsiyaya a tsagar ya wanke tsakuwar da ta tokare kunne ɗaya, ka saƙalo kunamar da ƙugiyoyin biyu, ka ɗan tura shi ciki, ka lallaɓa shi sama zuwa inda ta fi faɗi. Ka hawo kana kaɗa shi kamar wanda ya kamo kifi.

Ni ne a gaba lokacin da ruwan ya sauko. Na cusa kam ɗin nan a faffaɗar tsagar, na wuce shi da tsayin mutum biyu, sai ƙafata ta sulɓe. Abin da na sani kawai, ina lilo a igiya, kawunan itatuwa can ƙasa kamar ciyawa. Ya riƙe. Na ji muryarka daga ƙasa kana tsokana: "Ƙane, haƙoranka sun cika?" A lokacin matata tana da cikin farinmu. Yarinyar yanzu tana jami'a, kuma ta san wanda ya sa ta tashi da uba.

Da ciwo ya kwantar da kai, hannun nan mai natsuwa ya koma ko cokali ba ya riƙewa. Wannan ya fi zafin ƙashin cin ranka, na sani, ko da ba ka faɗa ba. Amma watan jiya ina gefen gadonka wata malamar makaranta, abokiyar hawanmu, ta kira ta bidiyo tana rataye a dutse, kam ɗinta ya maƙale. Ka ce a tayar da kai zaune. "Matso da wayar. Kar ki ja. Kunnen hagu ne ya kwanta, taɓa shi a hankali." Da ya fito ta yi ihu, kai kuma ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Rabon da in ga fuskarka haka, tun kafin ciwon nan ya kwantar da kai.

Likitoci sun ce mu shirya, ƙarshen zai yi tsanani. Abin da muka yi ta fargaba ke nan, kai ma ka roƙi kada a ƙare da kai cikin robobi da injuna. Allah Ya ji. Uwargidanka ta ce ka sha shayi rabin kofi, ka sa aka buɗe taga, ka yi kalmar shahada, ka lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Da na je gaisuwa ta ce mini, "Shekara talatin, duk ranar da ya ɗauki igiya gabana faɗuwa yake, kar a kawo mini shi a karye. Sai ga shi a gadonsa, hannunsa cikin nawa. Me zan ce ban da alhamdu lillahi?" Tana faɗa tana share ido, mu ma haka.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da 'ya'yanka uku, da ƙanwarka da ta yi jinyarka ba ƙorafi, da ma'aikatan asibitinka, da duk wanda ya taɓa ɗaura igiya ɗaya da kai. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da ka bari cikin albarka.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ka ƙare rayuwarka kana fitar da abin da ya matse daga ƙunci, a bakin mutane da a jikin dutse. Ubangiji Ya yalwata maka makwanci iya ganin idonka. Amin.