Gwangwanayen Baba Seidu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shagon ɗinki Fati ta kira ni, wai babanta, Baba Seidu, ya rasu.

'Yan Maamobi kun san shi. Tsohon direban motar haya ta trotro ɗin nan da ya cika bakin barandarsa da shuke-shuken kaktus mai ƙaya da alobera a gwangwanayen tumatir. Shekara tara ɗakinsa na kallon nawa.

Ranar da man suya ya ƙone hannun matata, shi ya yanko alobera ya shafa mata, yana yi mata faɗa kamar 'yarsa.

Mu kuwa tsokanarsa muke yi: Baba, mutane na shuka barkono, kai ƙaya? Sai ya ce, “Chale, abokina, su ba su da complain.”

Da ciwo ya tsananta, Fati ta ɗauke shi zuwa gidanta a Alajo. Ni ya bar wa gwangwanayen. Ya ce, “Awudu, kar ka ba su ruwa sai ƙasa ya bushe ƙaƙas. Ka ji?”

Na ce na ji. Ban ji ba.

Ni da iyayina, sai na ga ai tsohon rowar ruwa yake musu. Na koma yin alwala a kansu, sau biyar a rana, wai ina neman lada. Wata bai cika ba suka yi laushi, gindinsu ya ruɓe yana wari. Har babban da ya raina tun kafin a haifi Fati.

Na je gaishe shi sau ɗaya. Ya rame sosai. Ya riƙe hannuna ya ce, “Yaya yarana?”

Na ce lafiya lau.

Ya ce, “Kawo mini ƙarami ɗaya, in sa a taga.”

Na ce Juma'a insha Allah.

Juma'a biyar ke nan. Ya kira ni sau uku, ina kallon wayar har ta katse. Maamobi zuwa Alajo, ko a ƙafa zan iya zuwa. Kunya ce kawai ta hana ni, wallahi.

Yau a waya na fara yi wa Fati bayani, sai ta tare ni. Ta ce, “Bra Awudu, Baba ya sani. Tun tuni maƙwabta sun gaya masa. Ya ce mu bar ka, kunya kake ji. Ya ce ba kaktus yake tambaya ba, kai yake so ya gani.”

Na ajiye wayar, na zauna a bakin keken ɗinki.

Baba, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Fati da 'yan uwanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Jana'iza bayan Azahar ne a Alajo. Yau kam zan je.