Yadda Na Raba Baba da Makullin Shago

"Wannan ta kama kada ce ko ta kifi?" in ji Baba, yana juya sandar fatsar da na kawo mishi.

Likita ya hana shi kasuwa saboda tansiyo, wato hawan jini, shi kuwa ya rantse ran Litinin zai karɓi makullin shago. Na san halin tsohon. Ba ya karɓar kyauta, amma ba ya iya ganin an yi mugun saye ya yi shiru. Don haka da gangan na ɗauko mafi girma a kayan Kwatano, irin ta teku.

Na ce, "Baba, mai kayan ya ce ita ce ta manya."

"An cuce ka, ɗan kasuwar banza. Karfasar Gulbi nawa bakinta yake? Tashi mu koma."

A wurin mai kayan a Sabon Gari shi ya zaɓa da kanshi: sanda marar nauyi, ƙaramin abin naɗe zare, siririn zare da ƙananan ƙugiyoyi. Abin yawo saman ruwa mai nuna kifi ya ci kam ya ƙi saye, wai totuwar kara ta fi shi.

Yau Litinin. Tun safe na kai shi Jiratawa, ya zauna bakin ruwa, idonshi na kan totuwa. Na yi mishi zancen shago, ya ce in rufe baki ina korar mishi kifi.

Alhamdulillahi, makulli na aljihuna. Ku da wace dabara kuke zaunar da naku tsofaffin?